Jirgin da Gishiri Ya Cinye

Ni ba mai saurin yafiya ba ne, kuma na daɗe da daina jin kunyar faɗin haka. Matata takan ce da a ce riƙo sana'a ne, da tuni na gina bene a Yamai. Ina barinta ta yi dariyarta. Amma duk riƙon da ake faɗi a kaina, mutum ɗaya ne na riƙe da gaske, kuma a kan gishiri ne.

A shekarun fari, lokacin mulkin soja, ina aiki a filin jirgin sama na Yamai. Toliye ne ni, wato mai gyaran jikin jirgi. Babu ruwana da inji. Jikin jirgi fallayen alminiyom ne, ana ɗora leɓen wannan a kan leɓen wancan, a haɗe su da ƙananan ƙusoshi da muke kira ribe, layi bayan layi. Babana tela ne a unguwar Maourey, yana da shago kusa da masallaci, kuma akwai dakali a ƙofar masallacin inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. A dakalin nan yakan ce ɗansa ma tela ne, sai dai allurarsa ta fi tasa ƙara. Ya faɗi wannan magana ya fi a ƙirga, kuma kullum sai an yi masa dariya kamar yau ya fara. Ni ne babba a gidan. Mabuɗin shagonsa na biyu a aljihuna yake, ni ke buɗe masa da safe kafin in wuce aiki.

Jirgin da nake kula da shi tsoho ne mai farfela biyu. Aikinsa kai dawa da garin madara can arewa, inda dabbobi suka ƙare mutane suka taru a bakin garuruwa suna jiran taimako. Mu ma'aikata farar hula ne, amma an ɗora mana wani komandan a kai. Dogon mutum ne mai tsabta, takalminsa kullum yana ƙyalli, ba ya ɗaga murya. Mutane na cewa yana da kirki. Ni ma na faɗa a lokacin.

A takarda, jirgin yana dawowa babu komai a cikinsa. A zahiri kuwa yana dawowa da kantun gishirin Balma da buhunan kanwa, kayan matar komandan ne, tana da masu sayar mata a kasuwar Katako. To, mai mulkin wancan zamani ba ya wasa da abin da ya shafi kayan taimako, an sha kai manya kaso a kan abin da bai kai wannan ba. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Saboda haka da jirgi ya sauka sai a ja shi cikin rumfa a rufe ƙofa, a kwashe kaya cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, sannan sojoji su ɗage katako da shimfiɗar roba na daɓen jirgin su yi ta sheƙa ruwa da bokiti, har sai babu ƙwayar gishiri ɗaya da ido zai gani. Nan take, tun wurin na jiƙe, a maida katako a maida roba. Shekarar da kogi ya ƙafe ce, har mutane na tsallaka shi da ƙafa, mata na yini a layin famfo. Mu kuwa muna yi wa jirgi wanka.

Ba zan ce ban ji wani abu a raina ba tun farko. Na ji, na yi shiru, don kowa ya yi shiru. Sai ranar da lokacin duba ƙarƙashin daɓe ya yi. Na ɗage katako, na shiga da tocila ina bin layin ribe da yatsa, sai na ji fenti ya yi ƙuraje a gefen haɗin fallaye. Na danna da bakin turnabis, abin kwance noti, wani farin gari ya fito. Na ɗanɗana. Gishiri ne da wani ɗaci a bayansa.

Alminiyom ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfen ƙofa. Shi gari yake zama. Wani tsohon malami da ya koya mana aikin nan ya taɓa yi mana bayani, kuma ban manta ba. Ya ce ruwan da ke fili ba abin tsoro ba ne, iska na shan sa ya bushe. Abin tsoro shi ne wanda ya kutsa tsakanin falle da falle ya kwanta. Ruwa guda ne ya shiga, amma in ya daɗe sai ya zama iri biyu: na bakin haɗin yana samun iska, na can ciki ba ya samu, kuma can cikin ne gishiri ke taruwa ruwan ya yi kaifi. Wannan bambancin shi ke cin ƙarfe, kuma ta ciki yake ci, inda ido ba ya kaiwa. Kana kallon waje sumul, ciki ya tafi. Duk matar da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyom ta san rabin wannan karatun.

Na je ofishin komandan na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ya jingina da kujera yana murmushi.

"Toliye," ya ce, "shekara nawa ba a yi ruwan kirki a ƙasar ga ba? Kai kuma ka zo kana yi mani maganar tsatsa. Tahi ka goge ka shahwa fenti."

Na ce, "Komandan, ba ruwan sama ba ne. Ruwan bokiti ne, da abin da yake wankewa."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idonsa ya canza. Ya ce bai san wani abu da ake wankewa ba in ban da ƙurar dawa, kuma in rufe masa ƙofa in na fita.

Akwai littafi da kowane mai sana'a ke sa hannu a ciki kafin jirgi ya tashi, cewa sashensa lafiya lau. Na ƙi sa hannu. Sannan na yi wautar da har yau in na tuna nake cizon yatsa: na yanko wani ɗan guntu daga inda cin ya fi muni, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, na sa a jakata, da niyyar in kai wa babban injiniya a cikin gari ya gani da idonsa. Ban gaya wa kowa ba sai mutum biyu, wanda ke nufin na gaya wa duniya. Washegari da hantsi jandarmomi suka tare ni a bakin ƙofa suka zazzage jakar a gaban ma'aikata.

Abin da komandan ya rubuta a kaina ya yi wayo, wannan kam na ba shi. Ya ce na ƙirƙiro maganar tsatsa ne don a ce daɓen jirgi ya lalace, a cire shi, ni kuma in kwashe fallayen in sayar wa masu zuba tukwane a Katako. Ga shi har na fara yanka, an kama a jakata. Kowa a Yamai ya san Katako na cinye duk alminiyom ɗin da ya ɓata a garin, saboda haka babu wanda ya sha wahalar yarda. Ɓarawon jirgin taimako, a shekarar da yara ke mutuwa da yunwa. Aka aske mini kai, na yi kwanaki a kaso, aka sake ni da takardar kora. Guntun ƙarfen ban sake ganinsa ba.

Kaso bai dame ni kamar yadda mutane ke zato ba. Abin da ya dame ni yana gida. Ranar da na dawo, Baba yana kan keken ɗinki, bai tsayar da ƙafarsa ba sai da ya kai ƙarshen layi. Na durƙusa na ba shi labari tun daga gishiri har jandarmomi. Ya saurara. Sai ya yi tambaya ɗaya.

"Guntun ƙarhen nan, cikin jakarka aka ishe shi?"

Na ce, "I, Baba, amma..."

Ya ce, "To."

Bai kore ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Bayan kwana biyu ya ce in ba ƙanena mabuɗin shago, tunda shi ya fi ni sammako. Ni da nake riga ladan tashi. Na ciro na miƙa, ƙanena ya karɓa yana kallon ƙasa. Daga ranar nan Baba bai sake zama a dakali ba. In an sallame la'asar sai ya ɗauki takalminsa ya wuce shago, ya bi ta gaban abokansa na shekara da shekaru da sallama kawai. Maganar allura mai ƙara kuwa ta mutu.

Na nemi aiki ko'ina, takardar korata na riga ni isa. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Wuri ɗaya ne a Yamai ake maraba da wanda ya san alminiyom ba a tambayarsa takarda, kuma can na je. Ranar da aka fara ganina a Katako ina cusa rairayi a maƙerar tukunya, 'yan unguwarmu suka ce biri ya yi kama da mutum. Komandan ya yi mini ƙarya, yunwa ta zo ta sa masa hannu a kai.

Na san ƙarar jirgin nan kamar tarin babana. In ya ratsa saman kasuwa sai in ajiye abin da ke hannuna in bi shi da ido. Ba zan yi wa kaina ado ba: na sha roƙon Allah ya faɗo da shi, komandan na ciki. Sai in tuna matuƙin, mutumin kirki mai 'ya'ya, in yi istigfari, gobe kuma in sake. Sau ɗaya na tare matuƙin bayan sallar Juma'a na ce ya sa a ɗage daɓe a duba. Ya waiwaya hagu da dama, ya ce mini shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa. Na ce to na sauke nawa. Daga nan na zauna jira, don na san abin da ke aiki a ƙarƙashin katakon nan ba ya hutu kuma ba ya tsoron soja. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya gama aikinsa Baba yana da rai.

Bai gama ba. Baba ya rasu da damina, shekarar da ruwa ya dawo, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi a maƙabartar Yantala. Har ya rufe ido yana yi mini magana da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Wata huɗu bayan haka jirgin ya sauka da kaya a wani fili mai tsakuwa can arewa, daɓen ya burma, buhuna suka zube cikin cikinsa. Babu wanda ya mutu. Aka kawo masana daga waje, suka buɗe suka duba, suka ce wannan ba zai sake tashi ba. Babu wanda ya tuna akwai wani toliye da ya faɗi haka. Komandan kuwa aka maida shi wani ofishi, da takalminsa mai ƙyalli.

Wata huɗu. Na daɗe ina jin haushin gishirin nan da bai yi sauri ba.

Daga baya aka yanyanka jirgin aka sayar, kuma ina za a kai shi in ba Katako ba? Ina zaune kamiyo ya juye shi kusa da rumfarmu. Na gane shi tun kafin ƙura ta lafa, don ga layin ribe na hannuna, ɗinkin mutum ba ya ɓace masa. Na zaɓi haɗi ɗaya daga ƙarƙashin daɓe, na huda ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na raba fallayen biyu a gaban abokan aikina. Waje fenti lafiya lau, har da sabon da aka shafa bayan tafiyata. Ciki kuwa gari ne, na sa ɗan yatsa ya fita ta ɗaya gefen. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a Yantala ba.

Da la'asar na kai shi dakalin Maourey. Dattawan suka karɓa suna juyawa, wannan ya miƙa wa wancan, suka ce Allah ya jiƙan mahaifinka, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Na ga ba su gane komai ba. A wurinsu ƙarfe ne mai datti a hannun mutumin da aka taɓa kamawa da ƙarfe. Nan na fahimci cewa bakin da ya ɗaura mini abin nan shi kaɗai zai kwance shi. Na haɗa fallayen biyu na ɗaure da tsumma, na sa a ƙasan akwati.

Shekaru suka wuce, soja suka tafi suka dawo, gemuna ya yi fari. Na zama mai rumfar kaina, tukwanena har ƙauyuka ake neman su. Ban daina bibiyar labarin komandan ba. Na san lokacin da ya yi ritaya, na san lokacin da matarsa mai gishiri ta rasu, na san lokacin da ciwon sukari ya kama shi. Matata ta ce na fi 'ya'yansa sanin lafiyarsa.

Wata rana wani magidanci mai kama da shi ya yi sallama a rumfata, ya ce shi ɗan komandan ne. Mahaifinsa zai tafi aikin hajji, jiki kuma ya yi rauni, shi ya sa yake bin duk wanda ya san ya ɓata wa yana neman gafara kafin ya tashi. Ya aiko shi ya roƙe ni. Na ba shi kujera, na sa aka kawo masa ruwa, don shi bai yi mini komai ba. Sannan na ce ya koma ya gaya wa tsohonsa ba a aiko da irin wannan. In yana so, ya zo da ƙafarsa dakalin masallacin Maourey ranar Juma'a bayan la'asar.

Ban yi zaton zai zo ba, amma tsoron Allah ya yi abin da kunya ba ta yi ba. Ya zo, ɗansa na riƙe da shi, ya rame har babbar rigarsa ta yi masa yawa. Daga cikin abokan Baba uku ne suka rage. Akwai liman, akwai ƙanena da ya gaji shagon, akwai 'yan unguwa da suka tsaya don sun ga baƙuwar mota. Komandan ya zauna ya gaisa da kowa, sannan ya ce abin da ya faru tsakaninsa da wannan bawan Allah sha'anin aiki ne, zamani ne mai wuya, kowa ya yi kuskure.

Na ce, "A'a, komandan. Ba haka za a yi ba. Hwaɗa musu mi jirgin ke ɗaukowa daga arewa."

Ya ce gishiri da kanwa.

"Na wa?"

Ya faɗa.

"Wa ya ce a wanke da ruwa a ruhe?"

Ya ce shi ne.

"Abin da aka ishe cikin jakata, sata na yi?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sai ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ba ka yi sata ba. Gaskiya ka hwaɗi, ni na yi maka ƙarya."

Na kwance tsumman da na ɗauko daga ƙasan akwati, na ɗora masa fallayen a cinya, na buɗe. Farin garin ya zubo a kan rigarsa. Bai kakkaɓe ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma bai kai minti ɗaya ba ya wuce, don na juya wajen da Baba ke zama a dakalin sai na ga wani yaro matashi ne a wurin yana danna waya.

Komandan ya ɗago ya ce, "Ka yahe mani, don Allah."

Na ce, "Kaso da aski da kora, waɗannan nawa ne, na bar maka su. Amma akwai wani tela da ka tayar daga dakalin ga, ya mutu yana zaton ya haihi ɓarawo. Wannan ba nawa ba ne balle in yahe. Yana Yantala, ɗanka ya san hanya."

Liman ya yi mini faɗa sosai, ya jawo ayoyi, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na saurara kaina a ƙasa, ban canza magana ba. Aka tallabi komandan aka sa shi a mota, garin na manne a rigarsa. Ya je hajjinsa ya dawo, ya rasu bayan shekara guda. Ban je gaisuwa ba.

Amma ranar, bayan motar ta tafi mutane sun watse, ƙanena ya matso kusa da ni. Shi ma ya yi furfura. Ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin shago, wancan dai na da, mai igiyar fata da na ɗaura masa da hannuna, ya sa mini a tafi ya ce, "Yaya, ga abinka."

Na riƙe shi na ɗan lokaci, har ya yi ɗumi a hannuna. Sai na kama hannun ƙanena na maida masa. Ba shi ya ce in bayar ba, ba kuma shi zai ce in karɓa ba.